Ranar da Sallau Ya Tsare Ƙofar Masu Basira

A garinmu Dinyar Gabas akwai wani bawan Allah Sallau, katangarmu ɗaya da shi, don haka ba labari aka ba ni ba. Gidansa daga shi sai matarsa Hansai sai akuya guda mai taurin kai. Sallau ba ya sata, ba ya ƙarya, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai yi shi cif, ba ragi ba ƙari. Hansai ta taɓa ce masa ya riƙe mata akuya kada ya saki sai ta dawo, ta tafi suna wani gari ta kwana. Da ta dawo ta tarar da shi yana sallar azahar da igiya a hannu.

Ana nan sai Hedimasta Isiyaku ya yi ritaya, zaman banza ya ishe shi, ya kafa Ƙungiyar Masu Kaifin Basira. Manyanta su ne shi da Habu mai kemis da Malam Tasi'u tsohon malamin gona. Duk Asabar sai su shiga zauren hedimasta, kowa da tabarau ko da idonsa garau, su sha shayi su yi ta musu kan abin da ba zai sa hatsi a rumbun kowa ba. Matansu kuwa suka ɗauki girman kai suka kai bakin famfo. Da Hansai ta ajiye bokiti sai ka ji an ce, "A matsa wa matar gaula." Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta dawo ta ƙulle kayanta a zani ta dire a bakin ƙofa.

"Malam, ko ka shiga ƙungiyar nan a daina yi mini dariya, ko in koma gidanmu."

Sallau ya kalli ƙunshin, idonsa ya ciko, don duk duniya ba abin da yake so kamar Hansai.

Wata rana ya wanke rigarsa ya je zauren ya ce yana so a sa shi a ciki. Hedimasta ya danne dariya ya ce, "Zauna tukuna ka koyi zama da manya. Abin da ka ga ina yi, shi za ka yi." Hedimasta ya kurɓi shayi, Sallau ya kurɓa. Ya yi gyaran murya, Sallau ya yi. Can musu ya yi zafi, hedimasta ya lumshe ido yana shafa gemu. Sallau ya matso a hankali, ya miƙa hannu, shi ma ya shiga shafa gemun hedimasta. "Kai! Lafiyarka?" Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan gemun na ga kana shafawa." Malam Tasi'u ya ƙware da shayi har ta hanci, sai da aka bubbuga masa baya.

Wata rana kuma Habu mai kemis ya ja shi gefe yana hura hanci, ya ce, "Ka ga mu masu basira ba ma karɓar magana sai mun gani da idonmu." Sallau ya riƙe wannan gam. Washegari da hantsi ya biyo ta ƙofar gidan Habu, suka gaisa. "Ina kwana, Malam Habu? Iyali lafiya?" Habu ya ce lafiya lau. Sallau ya ce, "To, sai na gani," ya sa kai cikin gidan matan aure ko sallama babu. Wayyo, zo ka ji ihu! Matar Habu tana tuƙa tuwo, ta biyo shi da muciya har bakin titi. Ya tsaya yana sosa ƙeya ya ce wa Habu, "Gaskiyarka, lafiyarta ƙalau." Kafin la'asar labari ya kai famfo, Hansai ta ƙara wa ƙunshinta ɗauri.

Wata rana ƙungiya ta shirya walimar cika shekara, har da gasasshen rago. Don su rabu da Sallau sai hedimasta ya ce, "Mun ba ka muƙami. Ranar walima kai ne mai tsaron ƙofa, kada ka bar kowa ya shiga sai mai kaifin basira." Sallau ya ce ta yaya zai gane shi. Hedimasta ya ce, "Ka tambayi waɗanda suka sani mana." Shi ke nan, Sallau ya bi manyan ƙungiyar gida-gida yana tambayar kowa game da ɗan'uwansa. Kowa ya ga ai gaula ne, me zai fahimta, sai ya saki baki. Hedimasta ya ce Habu ko ciwon me ka kawo masa maganin tsutsar ciki zai ba ka. Habu ya ce Tasi'u malamin gona ne amma gonarsa ta fi ta kowa ciyawa. Tasi'u ya ce hedimasta ba komai a kansa sai hula.

Ranar walima aka shigar da rago da tiren shinkafa, ƙamshi ya cika unguwa, jama'a suka taru kallo. Sallau ya kafa ƙafa a ƙofar zaure da gora. Habu ya zo zai wuce, ya tare shi.

"Ban da kai. Hedimasta ya ce maganin tsutsa kaɗai ka sani."

Malam Tasi'u ya fashe da dariya ya taho.

"Kai ma ban da kai. Malam Habu ya ce gonarka ciyawa ce zalla."

Hedimasta ya iso da babbar riga ya ce a buɗe masa zaurensa.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Malam Tasi'u ya ce ba komai a kanka sai hula."

Subhanallahi! Tabarau ya faɗi, aka cakumi wuyan riga, dattawa uku suna ta tone-tone a gaban matansu da duk mutanen gari. Sallau kuwa ko gezau, umarni aka ba shi.

Ana cikin haka sai ga Hansai da ƙunshinta a ka, ta nufi tasha. Ta ji cewa gadi kawai aka ba mijinta, ta ce ta gaji. Sallau ya hango ta, ya janye gora.

"Hansai, zo ki shiga."

Hedimasta ya ce, "Ita a wa? Wa ya shaide ta?"

Sallau ya ce, "An ce sai abin da na gani da idona. Ni kowa ya san ba ni da wayo. Amma tun da matar nan ta shigo gidana ban taɓa kwana da yunwa ba, rigata ba ta taɓa kwana a yage ba. In ba basira ba ce wannan, ku faɗa mini sunanta."

Matan famfo suka sunkuyar da kai. Ni kaina, wallahi, sai da na share ido da gefen mayafi.

Hansai ta tsaya ta kalle shi. Sannan ta sauke ƙunshin ta miƙa masa. "Riƙe mini, kada ka saki." Ta shiga zauren ita kaɗai, ta zauna a kujerar hedimasta, ta ci nama a tsanake, masu basira suna leƙe ta taga suna haɗiyar yawu. Da ta fito da cinyar rago a naɗe cikin mayafi, ta same shi inda ta bar shi, ya rungume ƙunshin da hannu biyu.

"Tasha za a kai?" ya tambaya.

Ta ce, "Gida, Malam. Wuce mu je tun naman bai huce ba."