Ranar da Inna Ta Shanya Mini Tauraro

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na kai kwalin katunana gida Barkiya ba. Lokacin ina karatun digiri na biyu, ina lissafin yadda cibiyar ƙwayar zarra ke haɗiye ƙwayoyin lantarki a cikin tsohon tauraro, har cikinsa ya rufta ya fashe. Kaf ƙasar Kurfi ban san wani mai irin wannan aiki ba, kuma wallahi ina ji da kaina.

A zamanin, da kati ake yi wa kwamfuta magana. Kowane layin lissafi kati guda ne mai huji-huji, kuma dole su shiga a jere. Ɗaya ya kauce, aiki ya lalace. Wata shida na yi ina huda su. Malamina ya ce in sa musu lamba, na ce ai ni ba na yar da kaya. (Me ya sa na taho da su ƙauye? Don a gani mana.)

Da Inna, mahaifiyata, ta tambayi abin da ke cikin kwalin, sai na ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Washegari na tafi Dutsin-Ma na kwaso abokaina biyu, malaman makaranta, don su zo su sha kallo. Muna shiga gida na hango katunana shimfiɗe a kan tabarmi huɗu, a tsakar rana, kusa da shanyar wake.

"Ɗan nan, ƙwari sun gama huda maka takardu," in ji Inna. "Shi ne na shanya su."

Na yi kukan kura, na tattaro su da hannu bibbiyu, na tara tsibi guda ina ta sababi. Inna ta riƙe haɓa tana kallona.

"Mi ya yi zafi? Ai yadda na iske su haka na jera, ɗaya bayan ɗaya, kowane da tsakuwarshi. Na ga ka shirya abinka."

Abokaina suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe aikin wata shida bai da maƙiyi sai mai shi.

Sati uku na yi ina sake jera su, Inna na miƙo mini. Lissafin ya fita daidai, na karɓi digirina. Har Allah Ya yi mata rasuwa tana gaya wa mata cewa da ita aka fasa tauraron nan, ban taɓa musa mata ba. Tun ranar kuma ban ƙara ce wa kowa ba zai gane ba.