Kukan Hannun Roba

"...da gajiyar hanya, ango mai zuwa sai an yi kuka."

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Ina kwanan haƙoran nan naki fuɗu?"

"Suna nan daram. Sun fi gashin gemunka yawa."

Haka Inna Batula ta tarbi jikanta Mannir ranar Asabar da hantsi, tana jingine da bango a ƙofar ɗakinta a Kebbe. Shekara guda ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tsohuwar nan kuwa, kai, Allah ya yi taurin kai a nan! Ta rantse ba za ta kai loma baki da hagu ba ko da yunwa za ta kashe ta, sai dai a ba ta. Da fari duk Asabar Mannir kan hawo babur daga Tambuwal, inda yake koyar da kimiyya a sakandare, ya zauna ya ba ta da hannunsa. Sauran kwanaki Hauwa'u, matar kawunsa, ke ɗura mata a tsaitsaye, ido na kan tukunya.

Ana nan sai ga shi da kwali, wai kayan haɗa mutum-mutumi ne irin na masu sha'awar ƙere-ƙere. Ya haɗa wani hannu na roba mai riƙe cokali: ta danna maɓalli, ya ɗebo, ya miƙo mata baki. Kowa a gidan ya ce madalla. Daga ranar ƙafar Mannir ta ɗauke, wata biyu cur, har sai da abin ya lalace.

To, Inna Batula ba yarinya ba ce. Ta gane abin da ke kawo shi. Jiya, da hagun nan da take rainawa, ta ɗauko ragowar zaren da ta kaɗa tun tana da hannu biyu, ta naɗe shi tam a lungun gwiwar hannun, daidai inda ɗan injin da Mannir ke kira sarbo yake juyawa. Abu ya kama ƙara da makyarkyata. Hauwa'u ta buga waya, ga shi ya zo. Karo na uku ke nan tana yin irin wannan aika-aika, kuma tsoronta ɗaya ne: ya gano, ya yi fushi, ya yi gyaran da ba zai sake dawowa ba.

Mannir ya durƙusa ya danna maɓallin. Ƙiiii! Hannun ya ɗago rabi, ya tsaya yana karkarwa.

"Kin ji ko? Ko hannun roba ya gaji da ke. Mutum ya gudu, na kawo inji, shi ma yana kuka."

"Ɗanka na. Ya gado ka. Haka kai ma ka yi wata bakwai kana tsala ihu a bayana, da kai awa tulu, har sai da ƙugu ya goce mini."

"Ni? An ce ban taɓa kuka ba. An ce ina faɗowa duniya na yi sallama."

"Ka yi sallama, ka nemi abinci. Tun ran nan ba ka ƙoshi ba."

Ya zare batir ya ɗora a mitar awon wuta. "Wataƙila wuta ce ta yi masa kaɗan. In bai sami isasshiyar wuta ba haka yake rawa."

"Ashe shi ma yunwa shika ji. To a kawo mai wani hannun shi ba shi."

"Batir a cike yake." Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa, ja, baƙa, ruwan ɗorawa. "Waya ma lafiyarta lau. Ba kamar wancan karon ba da na tarar baƙar ta zare da kanta."

"Ɓera na."

"Ɓeran Kebbe akwai ilimi. Ya bar gero a rumbu ya zo zare waya."

Inna Batula ta yi maza ta canza hanya. "Ni har yau ba ka gaya mini ba. Wanga hannu naka, na dama na ko na hagu?"

"Na dama ne mana."

"Damar wa? Ina jikin da anka ciro shi? Ka tsaya nan ka rantse ba na hagu ba na. In na tashi gaban Allah anka tambaye ni, kai zan nuna."

"Ki nuna ni. Zan ce matata ce, sadakinta goro biyu, kuma an cuce ni, ko da yake ɗaya ruɓaɓɓe na bayar aka karɓa da murna."

"Kakanka ya ba da shanu bakwai. Kai ko akuya ba ka iya riƙewa, sai wanga babur mai tari."

"Shanu bakwai! Bara kin ce biyar."

"Sun haifu."

Ya yi dariya, ya cire cokalin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya sake dannawa babu cokali. Ƙiiii! Ya kara kunne kusa da gwiwar.

"Ba nauyi ba ne. Da haƙorin giyar injin ne ya karye, da ƙas-ƙas zan ji, ba wannan ba. Wannan kukan na abin da ake ce wa tafi ne, shi kuma an riƙe shi. Ruwa ba ya tsami banza."

"Bar shi hakanan. Ka koma da shi Tambuwal, ka dawo da shi wata Asabar."

"Yau sai na ga ƙarshensa."

Ya ciro ɗan siririn sukundireba ya fara kwance gwiwar. Tsohuwa ta kafa wa bakin zaure ido kamar mai jiran baƙo. Ta tsani abin nan na roba tsana mai tsanani. Murfin ya fita. Mannir ya leƙa ciki. Sai ya sa farce ya kamo bakin zare, ya ja, ya ja, ya ja, zare na warwarowa har ya kai kamu biyu.

"Ikon Allah. Amarya, ɓeran nan naku har kaɗi ya iya?"

"Iska ta kwaso shi."

"Iska ta kwaso, ta naɗa layi bisa layi kamar a jikin mazari, ta soke bakin a ƙasa don kada ya kwance? Zaren hannu ne wannan. Duk unguwar nan mutum ɗaya na sani mai irin wannan naɗin."

"Hauwa'u ta."

"Hauwa'u ko maɓallin riga ba ta iya ɗinkawa. Tsohuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san da ya ƙara kwana ɗaya a haka da injin ya ƙone?"

"Shi ƙone mana! Uwata ta haife shi?"

Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. Kaji suka watse daga gindin turmi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, tun da an kama ta sai ta saki baki gaba ɗaya.

"Ni na naɗa. Ni na zare baƙar waya. Ni na tsiyaya kunu cikin gidan batir wancan watan. Je ka kai ƙara."

"Inna, sati uku na yi ina haɗa abin nan don ki huta da jiran mutane."

"Don in huta, ko don ku huta? Wata biyu, Mannir. Wata biyu ina danna maɓalli ina buɗe baki awa ɗan tsako. Ba shi cewa ya jiki. Ba shi cewa akwai zafi, hura. In na zage shi ba shi ramawa. Wane irin miji na wanga?"

"Aiki ne ya yi yawa. Ga jarrabawa, ga hanyar nan kin san yadda take, rami a kan rami."

"Yau da hannun roba yay yi kuka, an shafe ramukkan?"

Ya tsaya yana naɗe zaren a yatsa.

"Ni ban iya kuka a waya ba," in ji ta, murya ta sauka. "In na ce ina son ganinka, a ce rigimar tsufa ta. Shi ko in ya yi ƙiii, kafin hantsi shi wuce ka iso. Sai na ara bakinshi. Kukan kurciya jawabi na, amma malamin kimiyya sai da mita shika ji."

Mannir ya mayar da murfin, ya ɗaure, ya danna maɓallin. Hannun ya ɗago sumul, ya miƙe, ya koma, ko motsin sauro babu. Shirun nan ya soki tsohuwa har ƙahon zuciya. Ta ce a ranta shi ke nan, ya gyaru, ta rasa.

Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji, ya juya sukundireban ya miƙa mata ta wajen mariƙi.

"Na sallama, kin ci. Ungo tukwici. Kin ga wannan ɗan sukurun na gefe? Shi za ki riƙa sassautawa, juyi biyu kawai. Zai yi ƙara ya tada gida, amma ba ya ƙonewa. Ki bar zare."

Ta dubi abin, ta dube shi.

"Wato dai sai na ɓata za ka zo."

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, ka ba ni makami." Ta karɓa ta tura ƙarƙashin tabarma. "Miji na ƙwarai kan kawo turmin atamfa, nawa ya kawo ƙusa. Allah shi isar mini. Ture wanga mummunan abu daga gabana, ka wanke hannu. Ga ɗumame can a rufe tun safe na ƙi ci."

Ya wanke hannu, ya jawo kwanon, ya gutsuro loma ya shafo miya ya kai mata baki. Tana kallonsa ya saci ido ya dubi rana, ya dubi babur ɗinsa a bakin zaure. Tuwo ne mai laushi wanda ba ya bukatar tauna, amma ta riƙe lomar nan a baki tana juya ta a hankali, a hankali, don ta san kwanon na ƙarewa zai tashi.