Ranar da Aka Kira Ni Dakta a Gusau

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni Dakta a gaban jama'a ba, ni da tun a aji uku malaminmu ya ba babana shawarar a mayar da ni gona.

Ni mutumin Bungudu ne, hatsi nake sayarwa a kasuwar Gusau. Ɗiyata Luba ce ta nemi gurbi a wata jami'a mai zaman kanta da ke ɗaukar 'ya'yan talakawa kyauta in sun yi ƙoƙari. In gurbin nan ya kuɓuce mata, zaman gida ne, don ba ni da ƙarfin biya. Cikin sharuɗɗan akwai rubuta shafi guda a kan kanka da gidanku. Ta rubuta nata da biro, ta ba ni in kai shagon kwamfuta a buga a tura, saboda tana Tsafe wajen yayarta da ta haihu.

Na kai wa Malam Bashari mai shagon, na ce ya fassara mini tukuna in ji.

Yarinya ta ce mahaifinta bai iya karatu ba. Ta ce aikin gona take son karantawa, saboda shekarar da ƙwari suka cinye mini wake ta gan ni zaune kan buhu ina kuka. (Ba kuka ba ne. Barkonon da na barbaɗa wa waken ne ya shiga mini ido, ya kuma daɗe bai fita ba.)

Na ce, "Bashari, wagga yarinya ta tuɓe ni gaban 'yan boko. Ba kai ne ke da abin nan da ke rubutu da kansa ba?"

Ya ce ƙirƙirarriyar basira ake ce mata, kuma jami'ar ta kafa doka a kanta. Za ka iya sa ta duba maka kurakurai, amma ba ta rubuta maka ba. In ka taɓa ta, dole ka faɗa. Wanda ya ɓoye aka gano, an kore shi ke nan.

Na ce, "Na ji. Kunna ta."

Na gyara zama na fara ba ta labarina yadda ya kamata ya kasance. Na ba kaina gonaki daga Rawayya har Mada. Na ba kaina manyan motoci. Da na ga ba ta musu, sai na ƙara da digiri, na ce ta sa Dakta. Ta tambaya ko duk gaskiya ne, na ce wa Bashari ya gaya mata ba huruminta ba ne. Turanci ya fito jere reras, har shi kansa sai da ya cire tabarau ya goge.

Sai muka zo wani wuri a ƙasa. Bashari ya ce, "Baba, nan za a danna cewa an yi rantsuwa ba a yi amfani da na'ura ba."

Nan na tsaya. Mu a kasuwa muna da tsari. Ka iya cewa geronka na bana ne, ka iya cewa ɗazu aka taya sama da haka ka ƙi. Wannan ciniki ne. Amma in mai saye ya ce ka rantse, sai ka ce masa, "To, gaskiya da ɗan na bara a ciki." Ban taɓa rantsuwa kan buhu ba, ba zan fara kan kwamfuta ba.

Na ce ya danna cewa an yi amfani da ita. Ya ce to suna son bayanin yadda aka yi. Na ce, "Rubuta musu: ubanta ne ya yi, don ta kunyata shi." Na ɗauka irin wurin nan ne da ba mai karantawa. Luba kuwa ce mata na yi saƙo ya tafi lafiya.

Da ranar tantancewa ta zo, a wani ɗakin taro a Gusau, aka ce ta zo da mahaifinta. Sauran yara ba a ce su zo da kowa ba, na ɗauka girmamawa ce, na sa babbar riga.

Wata Hajiya ce ke jagorantar masu tambaya. Ta dubi Luba ta ce, "Ba mu labarin motocin babanki."

Luba ta ce, "Baro gare shi, Hajiya. Shi ma tayar ta sace."

Hajiya ta karanta mata shafin gaba ɗaya, tana fassarawa da Hausa don kada wani abu ya wuce ni. Luba ba ta ko waiwayo ni ba. Sai a lokacin na gane abin da na ɗauka na yi wasa da shi.

Na miƙe na ce, "Hajiya, wallahi ba ta sani ba. Nata rubutun yana aljihuna." (Kun ga dai, da na tashi rantsuwa kan gaskiya na yi.)

Hajiya ta karɓa ta karanta a nitse. Ta ce da an ɓoye, da magana ta ƙare. Tunda an faɗa, Luba za ta zauna nan a gabansu ta sake rubutawa da hannunta. Sai ta turo mini wata takarda ta shaida, ta miƙo biro, fuskarta ba alamar dariya.

"Dakta, sa mana hannu a nan."

Na dubi biron, na dubi mutane. Na ce, "Ko akwai tawadar dangwale?"

Akwai. Har sun tanada.

Luba ta samu gurbin, da labarin wake da kukan da ban yi ba. A hanyar Bungudu, cikin bas, da muka kusa sauka sai ta ce mini, "Dakta, akwai tawada a rigarka."

Abin da na koya shi ne, in kana son a ƙara maka girma, nemi maroƙi. Shi in ya zuga ka aka yi dariya, yana tsaye gefenka ku raba kunyar biyu. Na'ura kuwa sai ta gama yi maka kirari ta koma cikin kwamfuta ta yi shiru, kai kaɗai za ka shiga ɗakin.