Nomau da Duwatsun Teku

A ƙauyen Gangaren Ƙirya akwai wani gida da Malam Sha'aibu yake zaune da ƙanwarsa Gwaggo Tabawa da ɗansa Nomau. Nomau ya kai munzalin magidanci, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, babu ragi babu ƙari. Shi kuwa Malam Sha'aibu, da ƙuruciya ya kama hanyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Sawakin, bakin Bahar Maliya, ya zauna yana sana'ar su da nutso. A can ya yi aure, a can kuma ya binne matarsa tun Nomau yana goye. Ya dawo gida da 'ya'yansa, bai ƙara ambatonta ba. Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, sai begen teku ya kwantar da shi. Ya daina fita, ya daina hira, abinci ma sai Gwaggo ta yi da gaske yake kai loma.

Da labari ya kai wa Lawwali, wan Nomau, a Kano, sai ya ce tun da Baba ba zai iya zuwa teku ba, bari a kawo masa ɗan yankin tekun har gida. Ya turo wani Malam Ishaya, mai sana'ar kiwon kifin teku, da babban akwatin gilashi, da buhun gishiri, da injin juya ruwa mai aiki da sola, da wasu duwatsu masu ramuka a cikin bokitai. Aka kafa akwatin a rumfar tsakar gida. Malam Ishaya ya ce, "Nomau, daga ƙarƙashin teku aka ciro duwatsun nan. A ramukansu akwai ƙananan halittu masu tace ruwa, in sun mutu kifi ba zai rayu ba. Sai sun saba da wurin zan kawo kifi. Baƙi ne, sun sha hanya, ka kula da su yadda ake kula da baƙo." Nomau ya ce, "To, Malam."

Wata rana Gwaggo ta dama fura, Malam Sha'aibu ya kau da kai. Nomau ya ɗauki ƙwaryar ya nufi rumfa, ya yi sallama, ya durƙusa gaban akwatin. "Sannunku da hanya. Yaya kuka baro mutanen gida?" Shiru. Ya ce a ransa kunya ce irin ta baƙunta, baƙo ai ba ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa. Sai ya juye furar duka a ciki. Ruwa ya yi fari fat, Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Aka bugo wa Malam Ishaya waya, ya zo a kan babur, ya wuni yana sauya ruwa yana tsaki. Nomau yana miƙa masa bokiti yana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam, amma a gidanmu baƙo ba ya kwana da yunwa."

Wata rana Malam Ishaya ya bar masa saƙo cewa ya haɗa sabon ruwa ya ajiye, gishirinsa ya zama kamar na teku. Nomau bai san ɗanɗanon teku ba, don haka ya tambayi mahaifinsa. Tsoho ya ce, "Kamar hawaye yake, ya ɗan fi." Nomau ya yanka albasa har idonsa ya kawo ruwa, sai kuma ya ce wannan hawayen albasa ne, ba na mutum ba. Ya fita nema. A bakin masallaci ya tarar da ɗan Ladi mai ƙosai yana kuka, ya sa yatsa ya lakato hawayen yaron ya kai baki. Ladi ta zabura da matsami a hannu. "Wayyo jama'a, Nomau ya zama maye!" Sai da mai unguwa ya fito aka raba. Da ya dawo gida ya sami mahaifinsa zaune ya fuskanci gabas, hawaye yana bin gemunsa. Nomau ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah kada ka share." Ya taɓa a hankali ya ɗanɗana. Ya daɗe tsaye gaban randa yana zuba gishiri kaɗan kaɗan, sannan ya ce, "Gwaggo, ashe haka garin Inna yake a baki." Gwaggo ta juya ta shiga madafa.

Wata rana Malam Ishaya ya ce masa, "Ka jera duwatsun nan kamar kana gina wa kifi gida, da ƙofofi da ɗakuna." Nomau ya je ya ɗauko Jatau magini. Suka fitar da zaure, suka tayar da katanga ta zagaye, suka ware turaka da rumbu, har Nomau ya tanadi lungu a bayan gida don kifi ya riƙa zagawa. Jatau ya ce gini ba ya tsayawa sai da yaɓe, ya tafi kwaɓa laka. Kafin ya dawo, ruwan da inji ke turowa ya rasa hanyar wucewa, ya ture katangar, dutse ya daki gilashi har ƙararsa ta fito da Gwaggo daga ɗaki ba takalmi. Allah ya kiyaye bai tsage ba. Jatau ya iso da laka a kwano, Gwaggo ta tare shi da muciya. "Kai ma da furfurarka, Jatau? Shi wawa ne, kai kuma mene ne?" Bayan haka Malam Ishaya ya zo ya jera duwatsun da kansa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, da rata a tsakaninsu don ruwa ya ratsa.

Ruwa ya kwanta, ya yi garau, duwatsun suka fara fitar da ja-ja da shuɗi-shuɗi. Aka kamo Malam Sha'aibu aka zaunar da shi gaban akwatin. Ya kusanta fuskarsa har goshinsa ya taɓa gilashi. Can ya ce, "Haske kawai nake gani. Ku mayar da ni ɗaki." Daga ranar ko ruwan koko bai yarda ya sha ba.

Wata rana, ranar da za a kawo kifi, Lawwali ya bugo waya da safe. Ya ce, "Nomau, ka tabbata an jera duwatsun nan yadda suke a teku, ko Baba ya gane wurin." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya yi tunani, ya ga duk faɗin garin mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa ƙarƙashin teku. Sai ya ɗauko babban daro, ya cika shi da ruwan akwatin, ya kwashe duwatsun kaf ya zuba, ya ɗora a ka ya shiga ɗakin mahaifinsa. "Baba, an ce a jera su yadda suke a teku. Ni ban san yadda suke ba."

Malam Ishaya ya iso da kifaye a leda, ya tarar da akwati wayam. Ya bi sawun ruwa zuwa ƙofar ɗaki yana faɗa. "Aikin da na sha wuya a kansa! Wannan wane irin mutum ne?" Gwaggo ta ɗaga masa hannu, ya tsaya ya leƙa.

Malam Sha'aibu yana zaune bakin gado, ya naɗe hannun riga, hannayensa cikin daro. Ƙarnin teku ya cika ɗakin. Ya shafa wani dutse, ya sa yatsa a raminsa, ya sunsuna tafinsa. Ya ce, "Wannan ba kwanciya yake ba, jingina yake, ya bar kogo a ƙasa. A irin kogon nan jan kifi yake ɓuya. Miƙo mini mai faɗin nan." Nomau ya miƙa. "In na taso daga nutso, ta nan nake ɓullowa. Uwarka tana tsaye a nan." Ya dafa bakin daron. "Kai kana bayanta, kana ta ihu." Nomau ya ce, "Ni, Baba? Me take cewa?" Tsoho ya yi dariya, dariyar da Gwaggo ta manta da amonta. "Cewa take na cika daɗewa a ƙasa. Zauna in gaya maka. Tabawa, a samo mini kunu, aikin nan ba na mai yunwa ba ne."

Gwaggo ta ruga madafa tana goge ido da bakin zane. Malam Ishaya ya ɗaga ledar da ke hannunsa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "To, kifin fa?"

Nomau ya ce, "Su jira, Malam. Baba bai gama teku ba."