Tauraron da Na Raɗa wa Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai ƙanwata Hajo ɗakin miji ba, ko da yake na roƙi Allah ya mantar da ni. Tun Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba aka yi abin, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da kakar da ta gabaci bikin, ina dawowa Matameye bayan magariba, na ga wani tauraro mai haske wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran, tsaye daidai kan hanyar Kurni. Na tambayi abokaina, babu wanda ya san shi. Sai na ce ni na gano shi. Na raɗa masa sunana, har goro na raba (goro fa, kamar an yi mini haihuwa).

Shekara ta zagayo, aka ɗaura auren Hajo da wani mutumin Kurni. Gero ya fi tsawon mutum, ya rufe hanyoyi. Na ce ni zan yi wa 'yan kai amarya jagora, taurarona zai kai mu.

Muna cikin tafiya Gwaggo, yayar babanmu, ta ja burki da jakinta.

"Kai ɗan nan, ina za ka kai mu? Wannan ba hanyar Kurni ba ce."

Na daka mata tsawa a gaban mata. Na ce tsufa ya cinye mata ido.

"To, uban tauraro," in ji ta. "Mu je."

Muka je. Muka faɗa garin Ɗan Barto da guɗa, muka tsaya ƙofar wani tsoho mai tari. Ya leƙo ya ce, "Bayin Allah, ni dai ban nemi aure ba." Hajo ta fashe da kuka cikin lulluɓi. A Kurni tuwo ya huce, dangin ango suka ce mun raina su. Sai da Baba ya je da kansa ya ba da haƙuri kafin suka karɓe ta.

Ashe munafukin tauraron nan irin masu yawo ne. Sauran taurari duk shekara suna komawa mazauninsu, shi kuwa ya matsa abinsa bai yi mini sallama ba.

Gwaggo ta rasu ban nemi gafararta ba, wannan ya fi ci mini rai. Tauraron kuma an tuɓe masa sunana, yaran unguwa Ɓad-da-Amarya suke ce masa, ni ma haka suke ce mini. Yanzu ko ɗan akuya aka haifa a gidana, sai na ga inda yake nufa kafin in sa masa suna.