Almakashin Farfesa da Gemun Surukinsa

A layinmu akwai masu aski, akwai kuma Farfesa. Masu aski su ne bayin Allahn nan da ke kunna inji su bi kan mutum kamar masu yankan ciyawa. Shi kuwa Farfesa, Allah ya ƙara masa basira, ba aski yake yi ba, zane yake yi. Farar riga yake sawa irin ta likitoci, mataji a aljihun gaba, tabarau a kan karan hanci duk da idonsa garau yake. Bai taɓa leƙa jami'a ba, amma allon shagonsa ya ce Farfesan Almakashi, kuma shi ya biya mai fenti, don haka babu mai ja. Na san shi ciki da waje, kullum da safe ina gaishe shi a babban madubin shagona. Ni ne. Na jira wani ya yabe ni har na gaji, shi ya sa na ɗauki aikin da kaina.

'Yan layi, da yake hassada ta yi musu katutu, Ƙas-Ƙas suke ce mini. Salon aikina ne ya tsone musu ido. In na yanki gashi sau ɗaya, sai na yi ta kaɗa almakashi a iska kusa da kunnen mutum, don ya san ba hannun banza ya faɗo ba. Gaskiya ne yawancin masu zuwa wurina ƙwal suke so a yi musu. Gaskiya ne kuma ina da inji a aljihun tebur, wanda nakan fito da shi in gama aikin da sauri kamar mai abin kunya. Amma ko kai ya zama fes yana ƙyalli, sai na zagaye shi da almakashi ina ƙas-ƙas a kan fata tsura. Mutum ya biya kuɗin Farfesa, dole ya ji muryar Farfesa.

Mutum ɗaya ne wannan murya ba ta taɓa burgewa ba: surukina, tsohon hedimasta. Dogo ne, marar yawan magana, bahago, wanda ya tsufa yana rubutu a allo da hannun hagu ba tare da wani ɗalibi ya yi ƙarfin halin yin dariya ba. Yana da gemu fari tas har ƙirji, ya girmi matata, kuma babu hannun da ya taɓa taɓa shi sai nasa. Da wani ɗan almakashi yake daidaita shi a gaban madubin ɗakinsa. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kirana da komai ba sai abu ɗaya. In ya zo gidanmu, ko ina zaune a gabansa, sai ya dubi 'yarsa ya ce, "Ina mai askin?" Wannan magana tana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na fi son ya kira ni Farfesa sau ɗaya da a cika mini shago da mutane.

Makon jiya sai ga dama ta zo har gida. Matata ta ce tsofaffin ɗaliban Baba za su rataye hotonsa a zauren makaranta, an riga an yi magana da mai hoto, ga shi jikoki sun lalata ɗan almakashinsa da yankan kwali. Ta yi ta lallashinsa har ya yarda ya zauna a kujerata.

"Don Allah, maigida," ta ce, "daidaitawa kawai. Baki-baki. Kada ka yi masa Farfesa."

Na yi mata murmushin da manya ke yi wa yara. Na dubi almakashina na kullum, na ga bai cancanci wannan rana ba. Aiki yake yi lafiya lau, amma muryarsa ta dushe. Na sa farar rigata na nufi babban shagon da ake sayar da kayan gyaran gashi.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri. Ya buɗe akwatin gilashi ya fara jera mini su a kan tawul. Ga gajere na gyaran gefen kunne, ga dogo na yanka a kan mataji, ga mai haƙora na rage cikar gashi. Ya ce in sa yatsuna in ji ko zoben ya yi mini daidai. Ya ɗauko guntun gashin da yake ajiyewa don gwaji ya miƙo mini.

Na ture hannunsa a hankali.

"Malam," na ce, da ƙarfi yadda matan da ke zaɓen man gashi za su ji, "koyau ne ke gwada almakashi a gashi. Gwani da kunne yake saye. Ƙarfe yana da harshe, ba kowa ne Allah ya ba jin yarensa ba. Ni kafin in taɓa kai, na riga na gama askin a zuciyata."

Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina kaɗawa kusa da kunnena, idona a rufe. Wannan muryarsa ta yi kauri. Wancan yana da rawar baki. Can a kusurwa na hango wani a cikin gidansa na fata, shi kaɗai a gefe, ba ya cuɗanya da sauran. Nan take na ji mun dace. Na kaɗa shi, ya ce ƙas, siririya, mai daɗi, har tsigar jikina ta tashi.

"Yallaɓai, tsaya," in ji mai shago. "Da wane hannu kake aiki? Don shi wannan..."

Na ɗaga masa tafin hannu. "Ka taɓa jin an tambayi likita da wane hannu yake allura? Naɗe mini."

Ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya rufe. Ya naɗe mini. A hanya har tausayinsa na ji, mutum yana zaune cikin dukiya bai san darajarta ba.

Ranar aiki na share shago, na goge madubi, na shimfiɗa sabon tawul. Na kuma ɗan sanar da maƙwabta, ba don fariya ba, don su ƙaru. Tela ya zo, mai gyaran waya ya zo, har mai askin tsallaken titi, wanda ba shi da komai sai inji biyu da rediyo, ya jingina a bakin ƙofa. Baba ya iso da hantsi cikin rigarsa mafi kyau, don daga nan wurin mai hoto zai wuce. Ya jingine sandarsa, ya zauna, ya ce, "Kaɗan."

"Baba, ka kwantar da hankalinka," na ce. "Gemu irin naka amana ne. Yau zai haɗu da hannun da ya san girmansa."

Na taje shi. Na kaɗa almakashi a iska har tela ya gyaɗa kai. Sannan na kama bakin gemun ta dama na datsa.

Gashin bai yanku ba. Lanƙwashewa ya yi, ya shige tsakanin bakunan almakashin ya maƙale. Na ja, haɓar Baba ta biyo ni. Idonsa ya ɗan kaɗa.

"Sabon ƙarfe ke nan," na yi wa jama'a bayani. "Sai ya san gashi, gashi ya san shi."

Na ɗaure kusar tsakiya na sake gwadawa. Ya tauna. Na ƙara matsawa da babban yatsa, sai bakunan suka ƙara buɗewa kamar da gayya. Ga wani abin haushi kuma, bakin sama ya tsaya daidai inda nake son gani, ya rufe mini layin yanka, sai na leƙa ta gefe kamar mai neman abu a ƙarƙashin gado. Da na ga gashi kaɗan ba ya yankuwa, na yi dabara irin ta masana: na damƙi mai yawa, na kai shi can gindin almakashi, na danna da hannu biyu. Ya yanku. Wani dunƙule ya faɗo kan tawul, babba, wanda bai yi kama da kaɗan ba ko kusa.

Dama ta fi hagu gajarta. Abu mai sauƙi, sai a rage hagu. Na rage, hagu ta wuce dama. Na koma dama. Gumi ya fara bin bayana, tabarau yana zamewa, amma bakina bai tsaya ba. Na yi musu jawabi a kan yadda manyan gwanaye ke fara ɓata abu kafin su gyara. Tsakanin kowace danna ina kaɗa almakashin a iska, kuma wallahi a iska babu kamarsa. Mai gyaran waya ya tuna yana da aiki. Tela ya tsura wa silin ido. Mai askin tsallake ya rage ƙarar dariyarsa ta hanyar cusa hularsa a baki.

Almakashina na kullum yana nan a kan tebur, hannu ɗaya zan miƙa. Na gan shi, shi ma ya gan ni. Amma na riga na gaya wa duk layi cewa ya yi ritaya.

Lokacin da na ja da baya don in duba, abin da ya rage a haɓar Baba ya yi kama da tsohuwar tsintsiya. Baba ya daɗe yana kallon madubi, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya zo ba aikin gida.

"Kana da inji?" ya ce.

"Baba, ai mu a nan ba ma..."

"Na ji ƙararsa ranar da na wuce. Ɗauko."

Na buɗe aljihun tebur a gaban kowa. Na kunna. Na bi haɓar surukina kamar mai yankan ciyawa. Fata ta bayyana, fara sol, wadda rana ba ta gani ba tun kafin a haifi matata. Ban yi ƙas ko ɗaya ba.

Da na gama, Baba ya miƙo hannun hagu. Na ɗauka sanda yake nema, na ma fara sunkuyar da kai. Ashe almakashin yake so. Ya zura yatsunsa, ya juya shi, ya ɗauki dunƙulen gemunsa daga kan tawul, ya datsa. Gashin ya zube a hankali, a daidaice, ba ko gardama.

"Matso," ya ce.

Na matsa. Ya kama gefen gashin bakina da ya ɗan zarce, ya ɗauke shi da datsa ɗaya. Ko ji ban yi ba.

"Na bahagwai ne," ya ce. "Tun ina saurayi nake neman irinsa ban samu ba." Ya mayar da shi gidansa na fata, ya zura a aljihu, ya ɗauki sandarsa. "In gemun ya dawo, zan gyara da kaina."

An ɗauki hoton, an rataye. Na ji an ce tsofaffin ɗalibai suna tsayawa a gabansa suna tambayar ko sabon malami ne aka kawo. Surukata ba ta amsa gaisuwata ba har yanzu. Matata ba ta yi faɗa ba, sai dai duk lokacin da na buɗe baki zan yi bayani, sai ta ɗaga yatsu biyu ta ce ƙas-ƙas ta wuce.

Amma kada a ce ban samu komai ba. Baba ya daina ce mini mai aski. Jiya ya zo gidanmu, haɓa ta fara toho, ina zaune a gabansa da farar rigata. Ya gaya wa 'yarsa cewa yana neman abin buɗe gwangwani na bahagwai, an ce da wuyar samu. Sannan ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce:

"Ina ɗan aiken?"