Rasuwar Dattijo, Asusun da Bai Zo Dangwala Yatsa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki tun ranar Talata, Injiniya mai kula da rumbun bayanan wannan kamfani na jigilar kaya tana sanar da rasuwar asusun da kowa ya sani da suna Dattijo. Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki, a hannun mutanen da ya yi wa hidima.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ba mutum ba ne. Asusu ne da na'urori ke shiga rumbun bayanai da shi. Shi ke buɗe wa manhajar sito ƙofa, shi ke fitar da takardar sallamar kowace mota, shi ke ajiye kwafin bayanai kullum ba sai an tuna masa ba. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa fakewa da cunkoson hanya ba.

Abin da ya ja masa shi ne yana da izinin shiga ko'ina. Don haka kalmar sirrinsa, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin Injiniya da na'ura, ta koma tawul ɗin banɗakin ofis, kowa ya goge hannu ya wuce. Har da biro aka rubuta ta a bango, bayan injin ruwan sanyi. Sau shida Injiniya tana neman a canza ta, sau shida Manaja yana cewa, "Haba ƙanwata, bar mana ita mana. Ita kaɗai na iya haddacewa."

Ciwon ajali ya kama shi ne da Jami'in Ma'aikata ya tashi farautar ma'aikatan bogi. Ya kafa doka cewa duk mai asusu a kwamfutar kamfani ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa. Kowa ya dangwala, sai Dattijo. Injiniya ta hau bene ta sami Jami'in yana sakace haƙori da murfin biro.

"Yallaɓai, wannan ba shi da yatsa. Ba mutum ba ne."

"Duk haka suke cewa," in ji shi. "In ba mutum ba ne, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Kwana uku Jami'in ya ba Dattijo. Da wa'adi ya cika, bawan Allah nan ya duƙa bayan injin ruwa ya kwafi kalmar sirrin, ya shiga da sunan marigayin, ya goge marigayin. Da makullinsa aka rufe shi a waje.

Bai jima yana jinya ba. Firintar sito ta yi ƙiiit ta tsaya da rabin takarda a baki. Kalamansa na ƙarshe suka bayyana a kowane allo: "An hana shiga. An hana shiga." Kafin azahar motoci goma sha tara sun yi layi a bakin get, direbobi suna danna oda.

Ana tsakiyar wannan aka miƙo wa Injiniya takardar tuhuma: ta bayyana gaban kwamiti ta faɗi dalilin da ya sa ta ɓoye ma'aikacin bogi, kuma ta bari ya gudu da bayanan kamfani, in ba haka ba ta ajiye katin aikinta. Jami'in Ma'aikata ne ya sa hannu. Ya rantse bai taɓa komai ba, tunda allo ya nuna Dattijo ne ya goge Dattijo.

Marigayin ya bar marayun ayyuka arba'in da biyu da ba sa tashi sai da sunansa, da firinta guda da har yau ba ta farfaɗo ba, da ma'aikata talatin da suka manta nasu kalmomin sirrin tun shekarun baya. Ya kuma bar wasiyya. Ashe duk wanda ya ari sunansa, yana rubuta kwamfutar da aka shiga da ita, da ranar, da abin da aka leƙa. Injiniya ta buga ta jiya, shafi ɗari biyu da shida. Ta wanke hannu sau biyu bayan ta karanta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro, daidai lokacin zaman kwamiti. Ba za a yi jawabin yabo ba. Injiniya za ta karanta wasiyyar da babbar murya, daga shafin ƙarshe inda kwamfutar Jami'in Ma'aikata take, ta yi baya har kan wanda ke buɗe takardun asibitin abokan aikinsa duk ranar Litinin. Ba a karɓar ta'aziyya a ɓoye, kuma masu kiran wayarta tun jiya suna "ƙanwata, mu yi magana" su huta. Masu hawan jini su sha magani kafin su shigo. An ware wa Manaja kujerar gaba, shi kaɗai yana da shafi sittin.